Gina manhajar yanar gizo da tubalai da hidimomi: jagora ga mai koyo a Adar

Manhajar yanar gizo ita ce wadda ake buɗewa a cikin burauza, kamar Chrome ko Firefox, ba sai an sauke ta daga shagon manhajoji ba. Kowace irinta kashi biyu ce. Akwai fuska, wato abin da mutum yake gani yana latsawa a allon salula ko na kwamfuta. Akwai kuma hidima, wadda take zaune a kan wata kwamfuta da ba a kashewa, da ake kira saba. Ita ke ajiye bayanai, ita ke lissafi, ita ke amsa duk tambayar da fuska ta aiko. Ƙwararrun wannan sana'a sun daina rubuta fuska a dunƙule daga sama har ƙasa. Gunduwa-gunduwa suke ƙera ta, kamar mai bugun tubali da yake gyara akwatinsa sau ɗaya, ya yi ta fitar da tubali iri ɗaya har a gama gida. Kowace gunduwa, maɓalli ne ko gurbin rubuta lambar waya ko katin nuna farashi, ita ce tubali: sau ɗaya ake rubuta ta, sannan a yi ta ɗorawa a duk inda ake bukata.

Tunanin ya girmi yanar gizo kanta. Tun a 1968 Douglas McIlroy ya yi kira, a wani taron masana da aka yi a Garmisch ta ƙasar Jamus, da a riƙa ƙera sassan manhaja da za a iya sake amfani da su. Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar yanar gizo a 1989, JavaScript ya fito a 1995, amma sai da Facebook ya saki React, kayan ƙera fuska da tubalai, a 2013, Vue ya biyo baya a 2014, sannan gini da tubalai ya zama hanyar da kowa yake bi.

Koyon wannan aiki ba ya yiwuwa a kan iska, sai da aiki na gaske a hannu. Misalin da ya dace da arewacin Adar shi ne bankin cimaka na ƙauye, irin wanda ake samu a ƙananan hukumomin da ke kewaye da birnin Tahoua, su Takanamat, Afala, Barmu, Tebaram da Bambay. Kwamitin banki yakan sayi hatsi da kaka lokacin da yake da araha, ya ajiye, ya sayar wa mutanen gari da rangwame idan damina ta kama, rumbuna sun yi ƙasa. Duk lissafin yana cikin littafin magatakarda: buhu nawa ya shiga, tiya nawa ta fita, wa ya biya, wa ake bi bashi. Manhajar da za ta ɗauki wannan littafi, ta kuma nuna farashin kasuwannin kusa, ƙarama ce, amma babu wani babin sana'ar da ba ta taɓa ba.

Kafin a taɓa kwamfuta

Matakin farko zama ne da magatakarda da ma'aji da mai awo, littafin yana buɗe a gaba. A duba abin da ake rubutawa a kowane layi, da abin da ake gogewa, da abin da ake rubutawa a gefe don babu gurbinsa. Daga nan ne ake gane abubuwan da manhaja za ta riƙe: kaya, ma'auni, mai saye, ciniki, kasuwa, farashi. Daga nan ne kuma ake gane cewa tiya ba ɗaya ba ce a ko'ina. Ana ƙiyasta tiyar hatsi a kusan kilo biyu da rabi, buhun kilo 100 ya ba da tiya arba'in, amma takan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, ta kuma bambanta da irin kayan da aka auna. Wanda ya kafe nauyin tiya a cikin umarnin manhaja zai dawo ya warware aikinsa. Nauyin tiya bayani ne da ake ajiyewa ga kowane banki, wanda kwamiti zai iya gyarawa da kansa.

Bayan haka a zana allunan manhajar a takarda, a kewaye duk abin da ya maimaitu da jan biro. Gurbin kuɗi zai fito a allon ciniki, da na bashi, da na farashi. Sunan kaya da hotonsa zai fito kusan ko'ina. Abubuwan da aka kewaye su ne tubalan da za a ƙera.

Kayan koyo ba su da yawa. Tsohuwar kwamfutar hannu ta isa, da burauza, da manhajar rubutu kyauta irin VS Code, da salular Android mai araha ta gwaji. Tsarin koyon kuwa ba a tsallake shi: HTML da farko, wanda ke faɗin mene ne kowane abu a shafi, sai CSS, mai kula da kama da girma da launi, sai JavaScript, mai sa shafi ya motsa ya yi magana da saba. Matasa da yawa sukan faɗa React kai tsaye saboda shi ake nema a tallan aiki, ranar da abu ya lalace kuma su rasa ta ina za su kama, domin React ɗin kansa JavaScript ne. Darussan MDN da na freeCodeCamp kyauta ne, OpenClassrooms kuma yana koyarwa da Faransanci, wanda ya fi sauƙi ga wanda ya yi lakkwal a Nijar. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, wadda aka kafa a 2010, suna da abin da mai koyo shi kaɗai ba shi da shi, wato abokan da za su karanta aikin juna, kuma bai kamata a raina wannan ba.

Yadda ake ƙera tubali

Tubali mai kyau aiki ɗaya yake yi. Ana miƙa masa bayani daga sama, ya nuna shi. Idan mutum ya latsa ko ya rubuta wani abu, ya aika sanarwa zuwa sama, shafin da ya ɗauke shi ya yanke abin da za a yi. Bai san ko a wane shafi yake ba, bai san adireshin saba ba, kuma ba ya kiran hidima da kansa. Wannan rashin sanin shi ne yake sa a iya cire shi daga manhajar bankin cimaka a ɗora shi a ta kantin magani ba tare da an canja komai ba.

A ɗauki tubalin kuɗi, domin a nan ne manhajojin da aka kwaso daga waje suke tuntuɓe. A takarda ana rubuta sefa, a baki kuma ana ƙirga da dala da jikka. Dala ɗaya sefa biyar ce, jikka ɗaya sefa dubu. Idan mai saye ya ce ya biya dala ɗari, sefa 500 ya bayar. Magatakardan da ya ji ɗari ya rubuta 100 a gurbin da ke jiran sefa ya ɓatar da 400 a lissafi, kuma ba za a gane ba sai ranar da aka zo ƙirga akwati, aka fara kallon ma'aji. Don haka tubalin kuɗi yana karɓar lamba ɗaya tak, cikakkiyar sefa ba tare da ɗigo ba, ya nuna ta fuska biyu. Aka miƙa masa 1250, sai ya rubuta 1,250 F da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashi ya rubuta jikka 1 da dala 50. Lissafin ba wuya: a raba da dubu a sami jikka, abin da ya rage a raba da biyar a sami dala. Wajen shigar da kuɗi kuma yana da maɓallin zaɓi tsakanin sefa da dala, yana nuna ɗaya fuskar tun mutum yana cikin rubutu, ta yadda kuskure zai bayyana kafin a latsa ajiye. Tubali ne da bai wuce layi hamsin ba, amma duk wata manhajar ciniki da za a yi a Nijar tana bukatarsa.

Tubalin lambar waya yana nuna wata fa'idar. Lambobin Nijar takwas ne, da 227 a gaba. Amma Adar ƙasar ƴan ci-rani ce, kuma sau da yawa wanda zai biya wa gida kuɗin hatsi yana Abijan ko Legas ko Libiya. A watan Janairun 2021 Kwaddibuwa ta mayar da lambobinta daga takwas zuwa goma. Manhajar da ta warwatsa dokar duba lamba a shafi goma sai da aka bi shafi goma ana gyara, wadda ta killace ta a tubali ɗaya kuwa wuri ɗaya aka taɓa.

Sai tubalin bincike, wanda dole ya san baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa. Wani zai rubuta ƙ, wani k, saboda allon rubutun salularsa ba shi da ita. A Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya ana rubuta y da waƙafi a gabanta. Ana ajiye suna yadda aka rubuta shi, a tsarin UTF-8, amma wajen bincike a daidaita baƙaƙen duka, don wanda ya nemi Konni ya sami Ƙonni. Sunayen garuruwa ma haka: Tahoua da Tawa gari ɗaya ne, shi ya sa ake ba kowace kasuwa lambar shaida da ba ta canjawa, sunan ya zama abin nunawa kawai.

Kada a rubuta kalmomi a cikin tubali. A tara su a fayil dabam, ɗaya na Hausa, ɗaya na Faransanci, ɗaya na Tamajak idan akwai mai fassarawa, tubali ya riƙa ɗauko wadda ta dace. A yankin Takanamat, inda Hausawa da Abzinawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya, wannan ba ƙawa ba ce. Kuma tunda da yawa daga masu saye ba su karanta boko, tubalin da ke nuna hoton kaya tare da maɓallin sauraren murya ya fi dogon rubutu amfani nesa ba kusa ba.

Game da kayan ginin, burauzoji na yanzu suna da tsarinsu na ƙera tubali ba tare da an ɗora komai ba. Mai gini yana raɗa wa tubalinsa suna mai ɗan layi a tsakiya, kamar katin-farashi, ya yi amfani da shi a shafi kamar kowace alamar HTML. React da Vue da Svelte suna sauƙaƙa aiki idan manhaja ta girma, amma kowane yana da nauyin da salula za ta sauke, kuma mai salular ne yake biyan kuɗin. Preact yana yin kusan aikin React da ƴan kilobait kaɗan, ya fi dacewa da ƙaramin aiki irin wannan. A zaɓi ɗaya a zauna a kansa har a iya.

Akwai kuma zarmewa. Sabon mai koyo da ya ɗanɗana daɗin tubali yakan so ya mayar da komai tubali, ya cika shi da zaɓuɓɓukan da ba wanda ya nema. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a bari sai abu ya maimaitu sau uku kafin a ware shi.

Hidima da yarjejeniyarta

Fuska da hidima suna magana ta HTTP. Fuska tana aika buƙata zuwa wani adireshi, da kalmar da ke faɗin nufinta: GET don karɓo bayani, POST don shigar da sabo, PUT don gyara, DELETE don gogewa. Hidima tana mayar da amsa da lambar da ke faɗin yadda aka kwashe: 200 an yi nasara, 201 an shigar, 400 buƙatar ba ta cika ba, 401 ba a san mai tambaya ba, 404 babu abin da ake nema, 500 laifin daga saba ne. Wannan salo, da ake kira REST, Roy Fielding ne ya fayyace shi a kundin digirinsa na uku a shekarar 2000. Bayanin kansa yana tafiya ne a tsarin JSON, wanda mutum ma yana iya karantawa. Idan fuska ta tambayi adireshin /v1/kasuwanni/12/farashi, amsar za ta iya zuwa haka, a misali:

{"kaya": "hatsi", "awo": "tiya", "sefa": 750, "rana": "2024-11-10"}

Shafi ya karɓi wannan, ya miƙa 750 ga tubalin kuɗi, shi kuma ya nuna dala 150.

Wannan yarjejeniya, wato jerin adireshi da siffar amsoshinsu, ita ake fara rubutawa kafin a gina ko fuska ko hidima. Akwai tsarin rubuta ta da ake kira OpenAPI. Da zarar an amince da ita, mutum biyu za su iya aiki lokaci ɗaya, ɗaya a Tahoua ɗaya a Yamai, ba mai jiran wani. Alamar v1 da ke farkon adireshin tana da dalili: ranar da aka canja siffar amsa sai a buɗe v2, a bar tsohuwar tana aiki, domin akwai salulolin da za su yi watanni ba su sabunta ba.

Harshen da za a rubuta hidima da shi ba abin jayayya ba ne. Node.js yana ba mutum damar ci gaba da JavaScript ɗin da ya riga ya koya. PHP da Laravel suna da sauƙin samun masauki mai araha. Python da Django suna zuwa da allon gudanarwa a shirye. Rumbun bayanai kuwa, SQLite ya isa koyo da ƙaramin aiki, PostgreSQL idan bankuna sun yi yawa.

Amfanin raba hidima da fuska yana bayyana ne daga baya. Hidimar da ta ba shafin yanar gizo farashi ita ce za ta ba saƙon SMS ga mai ƙaramar salula, ita ce kuma ofishin magajin gari zai tambaya idan yana son sanin hatsin da ya rage a ƙauyuka. Haka nan manhajar tana iya cin moriyar hidimomin wasu: taswira daga OpenStreetMap, biyan kuɗi da tura saƙo daga kamfanonin salula irin su Airtel, Moov Africa da Zamani Telecom, waɗanda sai an ƙulla yarjejeniya da su kafin su ba da mabuɗi. Duk hidimar waje a naɗe ta a wuri ɗaya a cikin saba, don idan an canja kamfani kada gyaran ya bazu.

Idan babu rezo

Nan ne ainihin gwanintar take. Yawancin darussan da ke intanet an rubuta su ne a inda rezo ba ya yankewa, kuran ba ya ɗaukewa. A ƙauyen arewacin Adar magatakarda yana iya yin ciniki yini guda babu rezo, sai da yamma ya hau tudu ya samu. Manhajar da ta tsaya tana juyi a lokacin da mata suka yi layi da ƙwarya a hannu, ranar za a koma littafi, kuma ba za a sake waiwayarta ba.

Burauza tana da kayan magance wannan. Akwai ɗan shirin da ake kira sabis-woka, mai zama tsakanin shafi da intanet, yana ajiye fuskar manhaja a cikin salula don ta buɗe ko babu rezo. Akwai IndexedDB, ƙaramin rumbu a cikin burauza. Duk cinikin da aka yi a fara rubuta shi a nan, ya shiga layin jira, idan rezo ya dawo a tura su ɗaya bayan ɗaya.

Tarko biyu ne a wannan hanya. Na farko maimaici. Salula ta tura ciniki, saba ta karɓa ta rubuta, amma rezo ya yanke kafin amsa ta iso. Salula ta ɗauka bai tafi ba, ta sake turawa, ciniki ɗaya ya zama biyu. Maganinsa shi ne salula ta ba kowane ciniki lambar shaida tata tun lokacin da aka yi shi, irin doguwar lambar nan da ake kira UUID. Saba ta ga lambar da ta riga ta sani, sai ta amsa cewa an karɓa, ba tare da ta sake rubutawa ba. Na biyu saɓani. Idan mutum biyu suna sayarwa da salula biyu, kowace ta aika cewa saura tiya kaza, ta ƙarshe za ta shafe ta farko. Don haka ba a aika jimla. Abin da ya faru ake aikawa: an fitar da tiya huɗu, an shigar da buhu biyu. Saba ce ke tarawa ta fitar da saura. Ba a kuma goge layi. Idan an yi kuskure a rubuta wani layin da ya warware shi, ta yadda ranar taron kwamiti kowa zai ga abin da ya gudana.

Allo ya riƙa faɗin gaskiya: ciniki nawa ne ke jiran turawa, yaushe aka karɓo farashin da ake gani. Farashin mako biyu da aka nuna kamar na yau ya fi rashin farashi cutarwa. Hotuna a matse su, jerin sunaye a riƙa kawo shi ashirin-ashirin. Chrome yana da wurin da mai gini zai rage gudun intanet da gangan, ko ya yanke shi, ya ga yadda aikinsa zai kasance a hannun mai amfani.

Tsaro, gwaji da miƙa aiki

Saba ba ta yarda da abin da fuska ta aiko sai ta duba da kanta, domin kowa yana iya aika buƙata ba ta hanyar fuskar ba. Rubutun mutum ba a liƙa shi kai tsaye cikin umarnin rumbun bayanai, ta nan ɓarayi suke shiga. Kalmar sirri ba a ajiye ta a fili, sai an niƙa ta da bcrypt ko Argon2. Mabuɗan kamfanoni a saba suke zama, ba sa shiga fuska. HTTPS, wato HTTP mai ɓoye abin da ake aikawa, wajibi ne, sabis-woka ma ba ya aiki a intanet sai da shi, kuma Let's Encrypt yana ba da takardar shaidarsa kyauta. Jerin waɗanda ake bi bashin hatsi sirrin gidaje ne. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, kuma ko babu doka bai dace sunan magidanci da bashinsa su faɗa hannun wanda ba ruwansa ba. Abin da aikin ba ya bukata, kada a tambaye shi.

Tun ranar farko a sa aiki a Git, shirin ajiye tarihin gyare-gyare wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, a riƙa tura kwafi waje duk lokacin da aka sami intanet; ƙura da zafi da ɗaukewar kuran suna kashe kwamfuta ba sallama. Kowane tubali a rubuta masa ɗan gwaji: a ba tubalin kuɗi sifili, a ba shi 5, a ba shi 1003 da ba ta rabuwa da biyar, a ga abin da zai nuna. Sannan a kai salula wurin magatakarda, a miƙa masa, a yi shiru ana kallo. Duk inda yatsansa ya tsaya yana neman abin latsawa, a nan gyara yake.

Kafin a ce an gama, a rubuta wa kwamiti wa ke biyan kuɗin saba duk shekara, wa ke riƙe da kalmar sirrin gudanarwa, ina ake ajiye kwafin rumbun bayanai, da yadda za a fitar da lissafi a takarda idan an bukata. Littafin magatakarda ya ci gaba da tafiya tare da manhajar daga kaka har ƙarshen damina, ana gwada jimlar biyun kowane wata. Sai sun yi daidai shekara guda cur sannan kwamiti ya zauna ya yanke ko za a ajiye littafin.